Zaman Dattijai Uku a Kan Sunana

Har yanzu in na ji an murɗa makulli a bayana sai in zabura in waiwaya, ko da ƙofar kicin ce. Yaya Zule ce ta ce in rubuta, wai abin da aka zuba a takarda yana rage nauyi a ƙirji. To ga shi ina rubutawa. In an ga hannuna ya karkace a yi mini uzuri, hankalina bai gama dawowa jikina ba.

Sunana Hindatu, 'yar Danja ce ni. Ba zan tsaya a kan yadda na baro gida ba, kuka ne da addu'a irin na kowa. Abin da ya kamata a sani shi ne na yi kwalejin 'yan mata ta kwana, ni ce mai tsaron gida a ƙwallon hannu tun ina aji huɗu, kuma shekarar da muka gama aka naɗa kwalejinmu zakarar kwalejojin ƙasa. Da wannan aka kama ni. Wani ejan ya zo har zaure ya ce wa Baba makarantun mata a Saudiyya sun fara wasannin motsa jiki, suna neman 'yan mata Musulmi da za su koyar. Baba ya ce in dai ƙasar Manzo ce, a je.

A filin jirgin Riyadh wani mutum mai ɗauke da kwali ya tare mu, mu bakwai. Bai amsa sallamarmu ba. "Jawaz, jawaz," yake cewa yana miƙo hannu, wato fasfo. Na ba shi da hannu biyu, a zatona dubawa zai yi. Ya haɗa su duka ya ɗaure da kyauro ya cusa a aljihu.

Farar motarsa ta kai mu maktab, ofishin da ke raba 'yan aiki gida-gida. A sama akwai wani dogon ɗaki, katifu a ƙasa, mata daga ƙasashe iri-iri sun yi jugum. A nan na ji Hausa daga bayana.

"Ke ɗiyar nan mai tsawo, daga ina?"

Wata mata ce kakkaura mai tsagen Gobirawa, tana yanka albasa. Ita ce Yaya Zule, 'yar Maraɗi, ta daɗe a ƙasar, ita ke dafa wa ɗakin abinci.

"Mi kika zo yi?"

"Koyar da ƙwallo a makaranta."

Ta ajiye wuƙar. "Kawo takardar taki in gani."

Ta bi layukan Larabcin da yatsa mai warin albasa, ta kai ƙarshe, ta sake dawowa farko.

"Ƙanwata, babu makaranta a nan. Shagala aka rubuta."

"Mece ce shagala?"

"Shara da wanke-wanke. Ni ma ɗinki aka ce mini."

Na ce ba zai yiwu ba, ai ga takalman wasana a jaka. Na zazzage jakar na ciro su na ɗaga, kamar takalmi zai canza abin da aka rubuta. Matan ɗakin suka zuba mini ido. Ba wadda ta yi dariya, kuma rashin dariyar nan ya fi komai tsorata ni.

Bayan kwana biyu aka kai ni gidan farko, a unguwar Nasim. Hawa uku, yara shida. Matar gidan ba ta taɓa tambayar sunana ba, "ya bint" take kirana, ke yarinya. Ta karɓe wayata ranar farko. In za ta fita sai ta kulle ƙofar waje da ta saman bene, ta tafi da makullan. Ba ta taɓa dukana ba, kada in ɗora mata abin da ba ta yi ba. Amma wata biyu ban ga titi ba sai ta tagar banɗaki, ban ji muryar Innarmu ba. Ina wanke bene ina rera waƙoƙin da muke yi a motar makaranta in za mu wasa, a hankali, don kar in manta yadda bakina ke motsi da Hausa.

Wata rana da hantsi ta nuna mini banɗakin ƙasa ta ce tana so ta dawo ta ga fuskarta a ciki, ta kulle ta fita. Akwai jarkoki biyu na ruwan wanki, rubutun duk Larabci. Na ce in ɗaya na da ƙarfi, biyu sun fi. Na haɗa su a bokiti. Wani hayaƙi ya taso ya shaƙe ni, idanuna suka rufe, maƙogwarona kamar an zuba barkono. Na lalubo ƙofar waje, a kulle. Na rarrafa hawa uku, ta bene a kulle. Na buga, na buga, har fatar hannuna ta fashe, ba kowa. A jikin ƙofar benen na kwanta na manna hancina a 'yar tsagar da ke ƙasa ina jan iska, ina kalmar shahada. A haka ta dawo ta same ni bayan la'asar.

Washegari ta mayar da ni maktab, ta ce mara lafiya aka ba ta, a canza mata, kamar atamfar da aka ga huji a jikinta.

Yaya Zule ta yi sati tana ba ni madara da zuma. Ta shafe hannuwana da man kaɗanyar da take sayowa a kasuwar Batha, ta ciro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga ƙasan katifarta ta ce in ɓoye a cikin ɗankwali. Da ita na kira Inna, na ce lafiyata ƙalau, mura ce ta shaƙe mini murya. Sannan Yaya Zule ta gaya mini abin da ya zauna mini a ƙirji kamar dutse.

"Ki saurara. Wadda aka maido sau ɗaya, ana sake gwada ta cikin gari. Wadda aka maido sau biyu, can ƙauyukan hamada ake turawa, inda ko waya ba ta kamawa. Gidan da za a kai ki, ko wuta ake ci, ki ci. Kar ki sake a maido ki."

Gida na biyu yana wajen Dir'iyya, inda ko'ina ka duba gini ake yi, ƙarafa sun yi cirko-cirko a sama. Mutum biyu ne kawai a gidan. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mijinta ya rasu, kowa Mama yake ce mata. Sai 'yarta Nura, wadda take fita da safe ta dawo da yamma da baƙar abaya a kan rigar wasanni. Mama na da faɗa, amma faɗan tsufa ne, ta zage ka ta miƙo maka dabino. Ba a kulle ni ba. Duk da haka na riƙe maganar Yaya Zule, komai aka ce sai in ce "hadir", to, an gama.

Rannan Nura ta bar wata ragar ƙwallaye a tsakar gida ta shiga wanka. Mama ta zo wucewa da sandarta, ta taɓa ɗaya, hannunta ya manne. Ta ƙwala mini kira, ta nuna ƙwallayen ta nuna sabulu, ta ce ƙazanta ce, in wanke su tas.

Na ɗauki ɗaya. Yatsuna suka zauna a kanta da kansu. Warin ƙaron nan da ake shafa wa ƙwallon hannu don ta kama yatsa ya bugi hancina, sai ga ni a filin kwalejinmu, ga Malama Jummai, malamar wasanninmu, tana buɗe ɗan gwangwanin ƙaron da take tattali kamar zinariya, ba a taɓa shi sai babban wasa. Ban san lokacin da bakina ya ce "La" ba. A'a.

Mama ta zaro ido. Ni ma na zaro. Na ga maktab, na ga hamada. Mama ta ɗaga murya, Nura ta fito da tawul a ka.

Da Turancin sakandare na ce mata ba datti ba ne, in aka wanke za su yi santsi, yara ba za su iya riƙewa ba. Nura ta dube ni ta daɗe. Ashe koyar da wasanni take a makarantar 'yan mata, da yamma kuma tana horar da ƙwallon hannu a wani kulob na mata. Ta ɗauki ƙwallo ta ja da baya, ta jefo ta da ƙarfi ta gefen hagu. Na tare da ƙafa. Ta jefo sama, na doke. Ta jefo ta uku da mugunta, na cafe, ina sanye da rigar aiki da silifa.

"Wa ya sa ki shara?" ta ce.

Na fashe da kuka. Mama ta ce mu duka biyun mahaukata ne, ta koma ɗaki.

Daga nan Nura ta riƙa tafiya da ni kulob ranar Asabar, wai mai ɗaukar kaya. Sai in tsaya a raga 'yan matan su yi ta jifa. Na fara cin abinci ina jin ɗanɗanonsa. Ana haka sai labari ya zo: ɗan Mama da ke wani gari mai nisa zai ɗauke ta ƙarshen wata, gidansa kuma cike yake da 'yan aiki. Nura za ta koma wajen yayarta. Ni kuwa za a mayar da ni maktab ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Maidowa ta biyu.

Nura ta zaunar da ni a kicin. Ta ce kulob na neman mataimakiyar mai horarwa, kuma mutumin da ke bi musu takardu ya ce canza kafili, wato ubangidan da nake ƙarƙashinsa a takarda, daga gida zuwa kulob abu ne mai wuya amma ba gagararre ba, in Mama ta sa hannu, in kuma akwai shaida a rubuce, da hatimi, cewa ni 'yar wasa ce. Da sunan da ke fasfona. Saura kwana ashirin.

Ba ni da ko ƙyallen takarda. Gidauniyar da ke naɗa zakaru ba ta ba ɗalibi komai, farantin tagulla guda take aiko wa makaranta. Na kira Malama Jummai. Da ta ji inda nake da abin da nake yi ta yi salati ta sanar da Ubangiji, sannan ta ce, "Sunayenku na cikin littafin Gidauniyar Mai-Gado. Ga lambar Malam Sabo, magatakardansu. Amma Hindatu, tsoho ne, ki bi shi a hankali."

Na aika masa saƙon murya na minti ɗaya, na faɗi buƙatata. Da yamma ya maido da tara, kowanne ya fi minti biyar.

"Assalamu alaikum 'yata. Kafin a ba mutum ruwa, ya kamata ya san wanda ya haƙa rijiyar. Shi Alhaji Bawa Mai-Gado, Allah ya jiƙansa, ko aji ɗaya bai yi ba..."

Na saurari biyu na kashe. Ina cikin wuta, tsoho na ba ni tarihi. Na sake aikawa, Baba don Allah takarda nake nema. Bayan kwana uku ya amsa, a taƙaice wannan karon.

"'Yata, na buɗe littafi. Shekarar da kika faɗa, mai tsaron gida Hindatu Danja ce. Ke kuma kin ce a rubuta Hindatu Musa Garba. Ni ban san Hindatu Musa Garba ba. Ba zan sa hatimin Mai-Gado a kan sunan da ba ya cikin littafi ba."

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa ya san yadda abin yake. Ranar da ka shiga, sunan ubanka ya tsaya a ƙofa, sunan garinku ake liƙa maka. Mu huɗu ne Hindatu a shekararmu, ni ce ta Danja, haka aka kira ni shekara shida, haka Malama ta aika wa gidauniya. Fasfo kuwa da sunan Baba da na kakana aka yi shi. Na roƙi Malam Sabo ya goge ya gyara. Ya ce littafin da tawada ake rubuta shi, tun da aka fara ba a taɓa goge harafi ba.

Na kira Yaya Zule ina kuka ina zagin tsohon. Ta bari na gama.

"Kin ji abin da ya aiko duka?"

"Tatsuniya ce, Yaya."

"Tsoho ya ba ki tara kin ci biyu, kuma kina son ya ba ki na goma? Je ki saurara. Ko ba komi ya ji kin girmama shi."

Ina gugar kayan Mama na sa wayar a aljihu na saurara daga farko. Ga abin da na ji. Alhaji Bawa maƙerin gadajen ƙarfe ne, shi ke kai wa makarantun kwana, shi ya sa babu kwalejin da motarsa ba ta shiga ba. Duk inda ya sauke kaya sai ya tsaya kallon ƙwallon hannu, kuma duk inda ya je sai shugaban makaranta ya ce masa ai su ne zakarun ƙasa. Ƙasar da faɗi, kuɗin mota babu, kwalejin gabas ba ta taɓa haɗuwa da ta yamma ba, kowa zakara ne a bolarsa. Rannan shugabanni biyu suka kusa dambe a gabansa a kan wannan magana, a wajen ɗaurin aure. Sai ya tara tsofaffin alƙalan wasa uku ya ce shi zai ɗauki nauyi. Duk alƙalin da ya busa wasa a ko'ina ya rubuto wasiƙa, wa ya ci, yaya aka ci, wa ya yi ladabi, wa ya yi rashin kunya. Ƙarshen shekara su ukun su zauna su karanta, su naɗa zakaran maza da zakarar mata. Ya kafa musu sharuɗɗa: ba a yanke magana da mutum biyu, ba a goge abin da aka rubuta, kuma ba a buɗe littafi sai an ci abinci a faranti ɗaya, don mai jin yunwa gaggawa yake yi.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka bar wa gidauniyar ɗaki ɗaya da kabad a bayan tsohuwar maƙera. In ɗaya daga cikin ukun ya rasu, biyun su zaɓi wani. Tagullar farantin tana ƙara sirancewa kowace shekara, in ji Malam Sabo, amma ba a taɓa fashi ba.

A saƙo na bakwai ne na ajiye dutsen guga. Ya ce da aka kafa gidauniyar, tsofaffin ɗalibai suka taso, mu fa da muka yi wasa kafin ku zo? Sai dattijan suka koma baya, suka naɗa zakarun shekarun da babu wasiƙa ko ɗaya, da bakin shaidu kawai. A kira wanda ya gani da idonsa, a yi masa tambayoyi, in ya tsaya a rubuta.

Na danna wayar.

"Baba, na ji tarihin duka, Allah ya jiƙan Alhaji Bawa. Yanzu ba na cewa a goge komai. Amma in an karɓi shaida a kan shekarun da suka mutu, a karɓa a kaina mana, ni da nake da rai. A zauna a kaina."

Kwana biyu shiru. Rana ta uku ya ce, "Yarinyar nan, ashe kina da kunne. Talata za a zauna."

Talata, saura kwana biyu Alhamis. Malama Jummai ta bar aikinta ta shiga motar haya tun asuba, tafiyar awa huɗu, don ta zama shaida ta kuma riƙe musu wayar, su ga fuskata in ga tasu. La'asar ta wuce a wajenmu, su ba su daɗe da idar da azahar ba. Na zauna a kicin, Nura a gefena. Ga tsofaffi uku a tabarma, bayansu kabad cike da ɗaurin wasiƙu. Malam Sabo siriri da biro a kunne. Wani Baba Yohanna, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba. Sai Baba Iro, da baƙin gilashi a fuska da sanda a cinya, idanunsa sun tafi.

Aka kawo dambu a faranti. Wallahi sai da na kalli tsofaffin nan suna cin dambu, loma-loma, suna hirar tsadar taki, ni ina zaune ina ƙirga lomarsu. Nura ta ce me ake jira? Na ce abinci suke ci. Ta ce, "Yanzu?" Na ce haka dokar take.

Aka wanke hannu, aka buɗe littafi. Malama ta ba da shaida, ta nuna hoton ƙungiyarmu. Malam Sabo ya dubi hoton ya dubi wayar ya ce akwai kama, sai dai ta hoton ta fi kumatu. Baba Yohanna ya gyaɗa kai. Biyu ke nan.

"Ni hoto ba ya yi mini amfani," in ji Baba Iro. "Da kunne nake shaida. Yarinya, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Wasanku na ƙarshe a shiyya, wa ya busa?"

Na dube shi sosai. "Kai ne, Baba."

"Madalla. Na fitar da mai tsaron gida na minti biyu. A wasiƙata na rubuta ta yi rashin kunya, ban rubuta abin da ta ce ba. Daga ni sai ita muka ji, don ina tsaye a jikin raga. In ke ce, me kika ce mini?"

Na tuna sarai. Ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo fili, shi kuma ya busa ya ce ta shiga. Amma yaya zan maimaita wannan magana ga dattijo, a gaban Malama, kuma ga halin da Allah ya sa shi a ciki?

"Na ce... na ce Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

"Sabo, rufe littafi. Ba ita ba ce."

Na ga hannun Malam Sabo ya kama bangon littafin. Na runtse ido.

"Na ce ka je ka sayi tabarau!"

Na ji Malama ta ce, "Hindatu!" da muryar nan tata ta filin wasa. Sai kafaɗun Baba Iro suka fara rawa. Ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi, ya cire baƙin gilashin yana share hawaye.

"Ita ce, ja'irar! Ita ce! 'Yata, na bi shawararki na saya, har guda uku, ba su yi amfani ba." Ya numfasa. "Kuma ƙwallon nan ta shiga."

"Ba ta shiga ba, Baba."

"Kun ji ko? Sabo, rubuta."

Sai a lokacin Baba Yohanna ya buɗe baki, ya ce shi ma yana wajen a ranar, ba ta shiga ba. Suka kaure da gardama, Malam Sabo na tsawata musu. Ina dariya ina kuka, Nura na girgiza kafaɗata tana tambaya an yarda ko ba a yarda ba. Malam Sabo ya zaro biron daga kunne, ya ja sabon layi a ƙarƙashin tsohon, bai taɓa na saman ba, ya karanta da ƙarfi: Hindatu Danja ita ce Hindatu Musa Garba, an zauna an tabbatar. Kafin magariba Malama ta aiko hoton wasiƙar, da Turanci, da hatimi mai zanen gado, da sa hannu biyu da dangwalen yatsa ɗaya.

Laraba Nura ta kai wa mai bin takardu, Mama ta sa hannu tana mita wai an raba ta da mai iya shayi. Sauran aikin ya ja watanni, ya sha kai-komo, kuma sai a ƙarshensa fasfona ya dawo hannuna. Yanzu ina ɗakin ma'aikatan kulob, ni da wasu mata biyu. Yaya Zule na nan a maktab tana yanka albasa, ranar Juma'a nakan kira ta, kuma ba na jin daɗin cewa ni na fita ita tana ciki.

Amma ranar Alhamis ɗin nan ba wanda ya tuna ya sanar da maktab. Bayan la'asar aka danna ƙararrawa. Na leƙa ta taga, sai ga farar motar a ƙofar gida, ga mutumin nan na filin jirgi yana duba agogo. Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a sito, a bayan buhun shinkafa, na toshe bakina da ɗankwali.

Na ji sandar Mama, ƙwas, ƙwas, ta daɗe kafin ta kai ƙofa. Na ji ya ce ya zo ɗaukar shagala. Larabcina ya isa in gane amsarta.

"Babu shagala a gidan nan. Mai horarwa ce. In tsohuwa ka zo ɗauka, ga ni."

Ya fara gardama, Nura ta fito ta karanta masa takarda, ya kira wani a waya, aka yi ta magana. Can sai ƙofar siton ta buɗe.

"Yalla, mu je, Kabtin," in ji Nura. "Yara na jira. Ɗauko ƙwallayen."

Na ce ba zan iya ba, yana waje. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Na saɓa ragar a kafaɗa na fito. Yana tsaye da waya a hannu, motarsa ta tare tamu. Nura ta shiga ta tayar, ba ta ce masa komai ba, ni ta kalla ta gilashi. Muryata ta fito siririya.

"Lau samaht," na ce, don Allah, na nuna motar. "Matsar. Mun makara."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi ƙwallayen. Sannan ya shiga ya matsar.